Ɗanɗano kafin ciniki: abin da demo ke nuna wa mai sayen na'urar gem a Gusau

Mai tsire ba ya hana ɗanɗano, haka ma kamfanonin wasannin bidiyo. Demo guntun wasa ne da suke sakewa kyauta domin mutum ya taɓa kafin ya biya. Wanda ke shirin sayen na'ura a Gusau, ko ta ɗakinsa ko ta buɗe gidan gem, zai iya gwada abu biyu da shi a zama ɗaya: wasan, da kuma lafiyar na'urar, musamman idan ta gwanjo ce.

A nan PlayStation 5 (PS5) ta fi kowa sauƙin gwadawa. Tun fitowarta a 2020 take zuwa da Astro's Playroom a cikinta, wasan da aka gina don ya nuna duk abin da hannunta na sarrafa wasa, DualSense, ke iya yi. Ka sa mai shago ya buɗe shi. Akwai wuraren da maɓallan L2 da R2 za su yi tauri a yatsa. Idan ɗaya ya saki babu wata turjiya, wani abu ya karye a ciki. Sannan ka ajiye hannun a tebur, kada ka taɓa. In ɗan mutum-mutumin ya ci gaba da tafiya, ko hoton yana juyawa da kansa, sandar juyawa da ke kan hannun ta gaji, sai a sauke kuɗin gyara daga farashi.

Sauran demo na PS4 da PS5 sai an sauko da su daga intanet, kuma a nan ne data ke ƙonewa. A bambanta demo da gwajin lokaci. Demo guntu ne, kamar na Resident Evil 2 na 2019 mai minti 30 kacal, ko na Final Fantasy XVI na 2023 wanda inda ka tsaya yake bin ka zuwa cikakken wasan. Gwajin lokaci kuwa, irin awa 10 na EA Play, tsarin biyan wata-wata na kamfanin EA, sai ka biya kuɗin wata, sannan ka sauko da wasan gaba ɗaya, giga gommai. Masu ƙwallo su lura: tun bayan FIFA 20 kamfanin EA ya daina demo irin na da. Cikin abin da ake samu kyauta akwai eFootball na Konami, wanda ya gaji PES. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa ake buɗe na Ingila ko Amurka, kuma katin kuɗin da za a saya dole ya zama na ƙasar asusun. PS4 da aka karya wa tsaro, wato aka buɗe ta, aka loda mata wasanni ba ta shiga kasuwar PlayStation ta intanet sai an sabunta ta, sabuntawar kuma ita ke rufe ta.

Xbox Series S ba ta da wurin faifai ko kaɗan. Tana da ƙarancin cin wuta, abin so ga mai sola, amma ba aro ba musaya, komai data ne. Ga wanda ba shi da intanet mai ƙarfi a gida, ba mu ba da shawararta.

Nintendo Switch ta fi su yalwar ɗanɗano. Demo ɗin Dragon Quest XI S yana kai mutum wajen awa 10, kuma ba ya asarar inda ya kai idan ya sayi wasan. Batirinta na nufin ɗaukewar NEPA ba ta katse komai. Sai dai Switch Lite ba ta haɗuwa da talabijin, kuma mai gidan gem da kwastomominsa 'yan ƙwallo ne ba zai ci riba da ita ba.

Tsofaffin na'urori kuwa, PS1 da PS2, demo ɗinsu a faifai yake, wanda ake sakawa a kwali ko a manna a mujalla. Darajarsa ta kai har a 2001 mutane da yawa sun sayi Zone of the Enders ne don faifan demo na Metal Gear Solid 2 da ke ciki. Yau amfaninsa ga mai saye shi ne gwada idon na'ura mai karanta faifai. PS2 na karanta faifai mai shuɗin ciki, wato CD, da mai ruwan azurfa, wato DVD, kuma ido da ya fara rauni yakan karanta ɗaya ya ƙi ɗaya, don haka a gwada duka biyun. Faifan Turai, PAL, ba ya tashi a na'urar Amurka ko Japan, NTSC. A kuma duba bayan babbar PS2: in an rubuta 100V ko 120V kawai, aka cusa ta a wutarmu ta 230V ba tiransifoma, ta ƙone nan take. Cire memori kafin ka saka baƙon faifan demo. Wani da aka raba a Amurka a 2004, mai ɗauke da Viewtiful Joe 2, ya share wa mutane duk abin da suka adana.

Kada a yanke wa tsohon wasa hukunci da kallon farko a faffaɗar talabijin ta zamani. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, dishi-dishi take nunawa a kanta, alhali a tsohuwar talabijin mai ƙeya hoton tas yake. Sabon demo shi ma yana da tasa yaudarar, domin wurin da ya fi kyau ake yankowa, kuma ba ya nuna ko wasan zai gundura a awa ta 15.

Gwajin da ya fi muhimmanci a Zamfara shi ne na zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan iska. Minti biyar a shago ba ya nuna komai. A bar demo mai nauyi ya yi aƙalla minti 30, a kashe fankar shagon, a kasa kunne. PS4 da fankarta ke ruri kamar injin niƙa tana bukatar wanki da sabon man sanyaya a kan kwakwalwarta. Wadda ta nuna gargaɗin zafi ko ta mutu da kanta a cikin rabin awar nan, a bar wa mai ita.