Itanol da ruwa a fetur: me ya kamata mai ƙaramin inji ya saya?

Janareta ko injin ban ruwa ya yi wata biyu a ajiye, ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, ya ƙi tashi. Sau da yawa ba filogi ba ne, man da ya daɗe a ciki ne. Fetur mai alamar E10 yana ɗauke da itanol (wani nau'in sinadarin barasa) kashi 10 cikin ɗari, shi kuwa itanol danshin iska yake janyowa. Da ruwan ya kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sai man ya rabu gida biyu, ruwa da itanol su kwanta a gindin tanki, daidai inda inji ke zuƙa. A zarton inji da ire-irensa, waɗanda ake gauraya wa fetur da man inji, ɓarnar ta fi yawa, domin ruwan da ya kwanta ba ya tafe da man da ke hana fistin ci.

Kafin ka sayi komai, tambayi kanka kwana nawa injin ke yi ba a tayar da shi ba.

In kullum yana aiki, E10 sabo ya wadatar. Kamfanonin ƙera injina Honda da Briggs & Stratton sun yarda da shi, E15 mai itanol kashi 15 ne ba su yarda da shi ba. Sayi wanda za ka ƙarar cikin wata guda, a jarka mai murfi gam.

In kuwa injin na jiran damina ne ko ranar ɗauke wuta, fetur marar itanol ya fi, inda ake samunsa. Akwai kuma na gwangwani irin su Aspen da MotoMix, masu yin shekaru ba su lalace ba. Tsada gare su sosai, don haka zarto da injin yankan ciyawa suka dace da su, janareta mai shan lita-lita sai ya talauta ka.

Sinadarin adana mai, irin STA-BIL, yana jinkirta daskarewar da ke toshe kabureta, amma sai an zuba shi tun man yana sabo. Ba ya ta da matacce. Wanda nake ɗari-ɗari da shi shi ne mai da'awar cire ruwa. Yawancinsu dangin itanol ɗin ne, isofurofil ko metanol. Suna iya shanye ɗan ɗigo, amma man da ya riga ya rabu, juye shi kawai za ka yi. Mazurari mai tace ruwa ya fi su amfani, ko da yake ruwan da ya ware kaɗai yake tarewa.

Kana son sanin ko manka na da itanol? Zuba ruwa kaɗan a kwalba, yi alama a inda ya tsaya, cika da fetur, girgiza, ka bari ya kwanta. In ruwan ya haura alamar, akwai shi. To ranar ajiye inji rufe makunnin mai, ka bar shi ya ci har ya mutu, sannan ka kwance ƙusar gindin kabureta sauran ya tsiyaye.