Sharhi: ƴar na'urar auna juyin inji da ake naɗawa a wayar buji

Na yi aiki da wannan na'ura, mai girman kwalin ashana, a kan injinan ban ruwa irin Honda GX160 da manoman albasa ke kawowa gyara a nan Tahoua, da kuma ƙananan gurup masu esansi. Tana faɗin juyin inji daidai muddin an saita ta da sani. Sai dai abin da take riƙewa kaɗan ne: jimillar awoyin aiki da juyi mafi yawa da injin ya kai.

Ɗora ta ba wuya. A naɗa wayarta sau 4 ko 5 a jikin wayar buji, kusa da hular, a ɗaure, a nisanta ragowar daga salansa. Ba a fere komai.

Inda ake yawan ɓata aiki shi ne zaɓi tsakanin 1P1R (tartsatsi ɗaya a juyi ɗaya), 1P2R (tartsatsi ɗaya a juyi biyu) da 2P1R (tartsatsi biyu a juyi ɗaya). Mutum yakan ce inji mai bugu huɗu sau ɗaya yake cin wuta a juyi biyu, sai ya danna 1P2R. Alhali a GX160 maganaɗisun yana jikin volan ne, kowane juyi sai ya gifta bobin, buji ya yi tartsatsi, har a lokacin fitar hayaƙi. Don haka 1P1R ne daidai. Wanda ya kuskure zai ga juyi 2,800 a minti a ralanti maimakon 1,400, ya yi ta sassauta sukurin karbireta har injin ya mutu. Kafin ka yarda da ita, gwada ta a gurup: idan miltimita ta nuna 50 Hz, dole allon ya tsaya kusa da 3,000.

Lambobi kan yi tsalle idan bujin ba shi da rezistans a ciki, domin tartsatsi ɗaya yana barin amsa-kuwwa da na'urar ke ƙirgawa sau biyu. Bujin NGK BPR6ES, mai rezistans, a madadin BP6ES yana kwantar da ita. In bai isa ba, a rage naɗin zuwa 3.

Mai son sanin yadda inji ya wuni a gona, wannan ba za ta wadatar da shi ba, kuma a nan ne ta fi ba ni takaici. Sai an haɗa Arduino Nano, wato ƴar kwamfuta da ake rubuta wa shiri, mazaunin katin microSD da agogon DS3231, da wata wayar naɗi daban. Siginar ta bi ta rezistans 10k, diyod ɗin zena mai 5.1 V ta datse ta, IC mai lamba 74HC14 ta daidaita ta, sannan ta shiga ƙafar D2 ta Arduino. A mota mai delko kuwa daga ƙafar negatif ta bobin ake ɗauka, kuma wurin yana harba sama da 300 V a kowane tartsatsi, don haka a raba bobin da Arduino da PC817, mai miƙa sigina ta hanyar haske. Mota mai silinda huɗu tartsatsi biyu take yi a juyi guda.

A shirin Arduino, kada a ƙirga bugu, wato siginar kowane tartsatsi, cikin daƙiƙa ɗaya, sakamakon zai riƙa hawa sittin-sittin. A auna tazarar da ke tsakanin bugu biyu, a raba 60,000,000 da adadin mikrosakan ɗin, a samu juyi a minti; a mota mai silinda huɗu a ɗauki rabin wannan. A kuma sa shirin ya yi watsi da duk abin da ya shigo cikin 3 ms bayan bugu. A juyi 3,600 tazarar gaskiya 16.7 ms ce, ko mota mai silinda huɗu a 6,000 tana da 5 ms, ba abin da za a rasa. A riƙa rufe rubutun kan katin kowace daƙiƙa 10, in ba haka ba jijjiga ta katse wuta, aikin wuni ya tafi.

Zafin watan Afrilu yana baƙanta allon idan rana ta dake shi kai tsaye, a ɓoye ta ƙarƙashin tanki. Wasu na'urorin an dasƙare batirinsu cikin roba, ya ƙare an yar. A nemi mai murfi da batirin CR2032 da ake iya canzawa. Mai injin gazuwal kuma kada ya saya, babu buji balle tartsatsin da za ta ji.