Kurege Mai Launin Toka da Jan Kurege na Arewacin Amurka

Wanda ya ga kurege a kan bishiya a gabashin Amurka ko kudancin Kanada, zai fi kyau ya fara duba girmansa kafin launinsa, domin launi yana ruɗarwa. Kurege mai launin toka yakan kai giram 400 zuwa 600, jelarsa doguwa ce mai yalwar gashi, amma a yankin Ontariyo na Kanada akwai baƙaƙe wuluk da yawa waɗanda jinsinsu ɗaya ne da shi. Jan kurege kuwa bai cika wuce giram 250 ba, kuma farin zobe ya kewaye idonsa.

Inda suka fi bambanta shi ne wajen tanadin abincin hunturu. Mai launin toka yana binne ƙwayoyin itatuwa ɗaya bayan ɗaya a wurare masu yawa, daga baya ya gano su da ƙamshi da kuma tuna wurin, waɗanda ya manta da su kuma sukan tsiro su zama bishiyoyi. Jan kurege, wanda ya fi son dajin itatuwa masu ganye kamar allura, rumbu guda yake yi, ya tara 'ya'yan itatuwan a ƙarƙashin tulin ɓawon da ya ɓare, har ma yakan shanya naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima, a kan reshe ya bushe.

A ganina halin nan ya fi kowace alama amfani. Mai rumbu dole ya tsare shi, saboda haka idan ƙaramin kurege ya tsaya a reshe yana kaɗa jela yana yi maka tsiwa da ƙarfi, galibi jan ne.