Mako guda a jirgin haya kan hanyar ruwa ta Llangollen

Jirgin da kamfanin haya ya ba mu tsawonsa ƙafa 62 ne, faɗinsa kuwa ƙafa 6 da inci 10. In ka tsaya a tsakiyarsa ka buɗe hannuwa, saura kaɗan ka taɓa bango biyu. A cikin wannan siririn akwatin ƙarfe muka kwana bakwai mu biyar: ni da uwargida, da yaranmu biyu, da yayana, wanda shi ya kawo shawarar tun farko, har da rantsuwa cewa hutawa za mu je yi.

Mun karɓi jirgin ranar Asabar da rana, a ƙarshen watan Mayu, a wani sansanin haya da ke ɓangaren Ingila na hanyar ruwan, wadda haƙa ta aka yi daga Ingila zuwa garin Llangollen a Wales. Nan ƙorafina na farko yake, kuma shi ne babba. Asabar ce ranar da jiragensu ke dawowa da safe su sake fita da yamma, saboda haka ma'aikacin da ya zo nuna mana namu yana da wasu iyalai suna jiransa. Cikin abin da bai kai awa guda ba ya zagaya da mu: ga tukunyar gas, ga makunnin fitilu, ga inda ake duba man inji da safe, ga murfin farfela. Ya hau muka yi 'yar tafiya, ya ce in ina son kan jirgin ya yi dama in tura sandar tuƙi hagu, sannan ya dira a bakin wata gada ya ɗaga mana hannu. A Birtaniya ba a tambayar mai hayar irin wannan jirgi lasisin tuƙi, don haka iyakar makarantarmu ke nan. Ko lok ɗaya, wato inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi tsakanin matakan ruwa, bai shiga da mu ba.

Jirgin ya haura tan 15, kuma ba shi da birki. In za ka tsaya sai ka sa ribas, da zarar ka sa ribas kuwa sandar tuƙi ta zama ado. Daga tsakiya yake juyawa, kai kuma kana tsaye can baya, in kansa ya yi dama sai gindin da kake kai ya yi hagu. Kafin faɗuwar rana na gogi bakin gada sau biyu. Ga kuma abin rikitarwa: a titin Birtaniya hagu ake bi, a ruwa kuwa in kun yi kiciɓis da wani jirgi kowa damansa yake kamawa. Iyakar gudun da aka yarda mil 4 ne a awa, mu da ƙyar muke yin 3. Duk da haka uwargida ba ta fasa cewa, "Maigida, ka rage gudu mana," alhali ga wata tsohuwa da karenta sun wuce mu a ƙafa.

Lok ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya. Ka shiga, a rufe, a murɗa wani ƙarfe ya buɗe 'yan kafofi a ƙarƙashi, ruwa ya kwararo ya ɗaga jirgin zuwa matakin sama. Daga Hurleston, inda hanyar ta rabu da ta Shropshire Union, zuwa Llangollen akwai su 21, kuma duk da ƙarfin hannu ake aikinsu. Na farko da muka tarar, da takardar kamfani a hannu muka yi shi, ɗana yana karantowa, Yaya yana murɗawa, ni ina ihu daga ƙasa. Sai da muka isa Grindley Brook muka samu malami na gaske. Lok shida ne a wurin, ukun sama a haɗe suke kamar matakala, ƙofar wannan ita ce ƙofar na gaba da shi. Wani dattijo ɗan sa-kai na hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kula da hanyoyin ruwa kusan mil 2,000 na Ingila da Wales a 2012, shi ya tsaya a kanmu. Ya ce in za ka hau, ɗakin ƙasa ya zama fanko, na tsakiya da na sama a cike. Ya kuma nuna mini wani farin layi a jikin bango: a ƙarƙashin ƙofar sama akwai dakalin dutse, in kana sauka ka bar gindin jirgi ya hau kansa, ruwa zai janye, kan jirgin ya duƙa, ya nutse. Wannan magana, wadda rai ke cikinta, a takardar kamfani layi biyu ce a shafi na can ciki. Kusan awa biyu muka yi a layi a ranar, ban yi baƙin ciki ba, don a layin na koyi abin da na biya kuɗi a koya mini.

A nan ne kuma Yaya ya jefa ƙarfen murɗawa cikin ruwa. Ya ajiye shi a kan katakon ƙofa, ya jingina da ƙofar, shi ke nan. Biyu kamfani ya ba mu, kuma wanda ya ɓata biyansa ake yi. Wata mata da ke zaune a jirginta shekara da shekaru ta fito da maganaɗisu ɗaure a igiya, ta miƙa wa ɗana, a jifa na huɗu sai ga shi ya fito da laka. Ita ta gaya mana cewa irinsu da ba su da wurin ajiye jirgi na dindindin ba sa wuce kwana 14 a wuri ɗaya, dole su matsa gaba. Na ce, "Yaya, hutun ke nan?" Ya ce in bar shi ya ji da bayansa.

Cikin jirgin ba laifi. An share shi tas, akwai murhun gas da firiji da tukwane isassu, injin ɗumama ɗaki mai amfani da dizal yana aiki, kuma mun buƙace shi don asubahin Mayu a kan ruwa da sanyi. Gadon da suka kira na mutum biyu dai, mutum ɗaya da rabi zai ɗauka. Kullum da safe tagogi na jiƙe da raɓa ta ciki, tawul kuwa ba ya bushewa sai an shanya shi a rufi.

Amma abin da ke mulkin rayuwar jirgi ba gado ba ne, ruwa ne da batir. A kwana na uku uwargida na tsakiyar wanke kwanuka famfo ya yi tari ya ɗauke. Yara sun yi wanka irin na gida, tanki ya ƙare, famfon cikawa na gaba kuma tafiyar awa biyu ne. Da muka isa, muka tarar da jirage biyu a gabanmu, tiyo kuma yana zuba kamar mai jin ƙyashi. Daga ranar muka kafa doka: kowace rana a cika tanki, ko ya ragu ko bai ragu ba, wanka kuma da yamma, domin zafin inji ne ke dafa ruwan, wanda ya jira safiya ya sha sanyi. Batir ma injin ne ke cika shi. Ranar da muka yi gajeriyar tafiya muka zauna cajin wayoyi, cikin dare fitilu suka dushe, ga shi ba a yarda ka kunna inji a inda ka ɗaure ba daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Muka kwanta da wuri. Tankin banɗaki ya kai mu mako, da lallami.

Inda zan yaba musu: a kwana na huɗu famfon da ke tura ruwan wanka waje ya tsaya, ruwa ya taru a ƙafa. Na kira lambarsu, na faɗi lambar gadar da muke kusa da ita, domin kowace gada da lambarta a jiki, ita ce adireshinka a ruwa. Kafin awa biyu makaniki ya zo da mota, ya gyara, bai karɓi ko kwabo ba. Shi ne ma ya lura jirgin na rawa, ya sa na kashe inji na zare makulli, na buɗe murfin farfela na zura hannu har kafaɗa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Leda na ciro da guntun igiya. Ya tsaya a kaina sai da na ɗaure murfin tamau, ya ce ta wannan ramin ruwa ke cika ɗakin inji in aka yi sakaci.

Tsakanin Whitchurch da Ellesmere tafiya ce shiru, ba lok. Fadamar Whixall, gadojin da ake ɗagawa da hannu, tumaki, da zalɓe da kan tsaya sai ka zo dab da shi ya tashi ya sauka gaba kaɗan. Da yamma mu kafa turke biyu da guduma, mu ɗaure, ba kowa kusa. A nan na fara gane abin da Yaya ke nufi.

Abin da kamfanin bai faɗa ba ko da wasa shi ne wannan hanya ruwanta gudu yake. Yawancin irin waɗannan hanyoyi ruwansu a kwance yake, wannan kuwa tana ɗebo ruwa daga kogin Dee ta kai shi madatsar Hurleston don sha. Abin da ma ya cece ta ke nan bayan dokar 1944 da ta rufe ta ga jiragen kaya. Mai zuwa Llangollen yana fuskantar ruwan ne, kuma duk inda hanya ta tsuke ƙarfinsa ƙaruwa yake. Na ɗanɗana haka a Chirk. Ka haye gadar ruwa, wato gadar da ke ɗauke da hanyar ruwan da jirgi ke bi, da aka gama a 1801, a kan kogin Ceiriog wanda shi ne iyakar Ingila da Wales a wurin, gadar jirgin ƙasa na gefenka ta fi ka tsayi, kana sauka sai kogon da aka haƙa a ƙarƙashin tudu, mita 421. Jirgi ɗaya yake ɗauka. Ciki duhu, ruwa na ɗiga a ka, jirgin na jan ciki yana goga bango, na ƙara wuta amma kamar ana riƙe mu ta baya. Lissafin awowin da na yi da taswirar kamfani duk ya rushe.

Sai gadar ruwa ta Pontcysyllte. Sunan kansa na bar wa mutanen Wales, na gwada sau uku suka yi murmushi. Injiniyoyi Thomas Telford da William Jessop suka gina ta, aka buɗe a 1805, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Kwami ne na ƙarfe, mita 307, a kan ginshiƙan dutse 18, mita 38 sama da kogin Dee. Na karanta duk wannan kafin mu je, amma gani ya kori ji. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge, inda dawakai ke bi suna jan jirage a da. Ɗaya gefen babu komai. Bakin ƙarfen ɗan kaɗan ya ɗara ruwa, mai tuƙi kuma a tsaye yake a baya, in ya leƙa gefen takalminsa sai ya hango kawunan itatuwa da kogi can ƙasa kamar zare. Uwargida ta shige ciki da 'yar ƙaramar ta ja labule. Ɗana, sanye da rigar ceto, ya ce, "Baba, hannunka rawa yake." Na ce injin ne. Gaskiyar magana ba tuƙi ake yi a wurin ba, kwamin ya matse jirgin, shi ke kai ka. Yaya, mai shawara, ya zaɓi ya bi ta hanyar ƙafa, wai zai ɗauke mu hoto. Hotunan duk shinge ne.

Daga Trevor zuwa cikin garin Llangollen mil 4 ne da 'yan kai, amma su suka fi ba ni wuya. Ruwan ba zurfi, an sassaƙa hanyar a jikin dutse, kuma akwai wurare masu tsawo da jirage biyu ba za su gifta juna ba, ga lanƙwasa ba ka ganin mai zuwa. Dole ka tura mutum gaba a ƙafa da waya. Ba wanda ya gaya mana, muka shiga kai tsaye, muka yi gaba da gaba da wani jirgi, kuma ni ne na ja da baya da jirgin da ba ya jin tuƙi a ribas, Yaya na jan igiya daga tudu. Mutumin bai ce uffan ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A Llangollen ana biyan kuɗin ɗaure jirgi, kwana biyu ne iyaka, amma akwai wutar lantarki da famfo, don haka aka yi wanka na ƙoshi. Jirgi mai inji ba ya wuce nan, sai na yawon buɗe ido da doki ke ja. Muka taka kusan mil 2 zuwa Horseshoe Falls, madatsar da Telford ya yi don karkato ruwan Dee, muka ga mafarin ruwan da ya wahalar da mu kwana huɗu. Dawowa kuwa ruwan na tura mu, abin da muka yi a kwana huɗu muka yi shi a uku ba tare da gaggawa ba.

Kuɗin hayar ba kaɗan ba ne a lokacin hutun makaranta, dizal kuma daban aka lissafa mana a ƙarshe, gwargwadon abin da muka ƙona. Jirginsu lafiyayye ne, makanikinsu ya cika alkawari, bayanin ranar farko ne bai kai ba. Wanda zai ɗauka a wurinsu, ya nemi fita a tsakiyar mako in da hali, ya kuma nace a shiga lok ɗaya da shi kafin a sake shi, ya tambayi wuraren da hanya ta tsuke ya sa musu alama a taswira. Ya tafi da safar hannu da takalmin da ba ya santsi, kuma a samu manya biyu masu ƙarfin tura ƙofa. Mu mun riga mun yi magana za mu koma, amma da jirgin da bai kai wannan tsawo ba, kuma Yaya ne zai riƙe sandar tuƙi a kan Pontcysyllte.