Ofishin nema wa ɗalibai gurbin karatu a waje: abin da muka biya da abin da muka samu a Bauchi

Wata huɗu na yi ina hawa da sauka a matakalar wani bene da ke tsakiyar garin Bauchi, inda wani ofishi yake nema wa ɗalibai gurbin karatu a ƙasashen waje. Abin da ya kai ni shi ne 'yar ƙanena, wadda nake riƙe da ita tun rasuwar mahaifinta. Ta yi digirinta na biyu a ilimin halayyar ɗan'adam, ɓangaren kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa da damuwa, kuma ta ƙudurta yin digirin digirgir a Amurka.

Zan fara ba su haƙƙinsu. Ofishin yana da tsabta, yana da sola, kuma duk kuɗin da ka biya sai an ba ka rasit mai hatimi. Saurayin da aka haɗa mu da shi yana amsa saƙon WhatsApp ko da bayan isha'i ne. Shi ya bi sahun takardar sakamakon karatun yarinyar har ta fito, ya aika da ita inda ake tantance takardun ƙasashen waje, ya kuma zauna da ita sau uku suna gyaran takardar da ɗalibi ke bayyana manufar karatunsa. Kuɗin buɗe fayil ya kusa cinye fanshona na wata guda, amma ta wannan fuskar ban ji an cuce ni ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen makaranta. A zamanmu na biyu ya miƙo mini jerin makarantu shida, kowace da hoton gini da korayen ciyayi, ya ce duk cikinsu samun gurbi ba wuya. Yarinyar ta lura cewa dukansu digirin PsyD suke bayarwa, babu PhD ko ɗaya, ta kuma tambaye shi dalili. Sai ya juyo wurina ya ce, "Alhaji, ai duk dokta ne, sunan ne kawai ya bambanta." Wannan amsar ce ta sa na daina karɓar shawararsa ido rufe, domin bambancin ya wuce suna nesa ba kusa ba. PhD a wannan fanni ya ginu ne a kan tsarin da aka amince da shi a taron masana da aka yi a garin Boulder na Amurka a 1949, wanda ke son ɗalibi ya zama mai bincike kuma mai duba marasa lafiya, shi kuwa PsyD ya samu gindin zama ne a taron garin Vail, shi ma a Amurka, a 1973, inda aka ba aikin asibiti fifiko a kan bincike. Ta fuskar aljihu, yawancin shirye-shiryen PhD na manyan jami'o'i sukan yafe kuɗin makaranta har su riƙa ba ɗalibi alawus saboda koyarwa ko binciken da yake taya malamansa, shi ya sa mutum ɗaruruwa ke nema a ɗauki ƙasa da goma a shekara. Yawancin makarantun PsyD kuwa ɗalibi ne ke biya, suna ɗibar mutane da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya gama da bashin da ya haura dala 100,000. Sauƙin samun gurbin da aka yi mana talla da shi, ashe kuɗinmu ne ke sayensa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, bayanin da muke buƙata yana nan kyauta a intanet, kuma ofishin bai taɓa ambata shi ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wato APA, ta wajabta wa duk shirin da ta amince da shi ya wallafa jadawali a shafinsa, mai nuna kuɗin makaranta na shekarar farko, da yawan shekarun da ɗalibai ke ɗauka kafin su gama, da waɗanda suka watsar da karatun a hanya, da waɗanda suka samu wurin shekarar sanin makamar aiki, da waɗanda suka samu lasisi bayan kammalawa. Yarinyar ce ta buga jadawalin biyu daga cikin makarantun a wani shagon kwamfuta a Yelwa, ta shimfiɗa mini takardun a kan tabarma bayan magariba, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya ta ce, "Baffa, nan za ka duba, ka bar hoton gini." Layin sanin makamar aiki ne. Ba a ba mutum digirin sai ya yi shekara guda cur yana aiki a asibiti ko cibiya a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, kuma wuraren ana raba su ne ta wani tsarin haɗa ɗalibi da asibiti da ƙungiyar APPIC ke gudanarwa, sakamako ya fito a watan Fabrairu. Wanda bai samu ba yakan jira wata shekarar, kuɗin haya da na abinci suna ci gaba da fita. Ga ɗan Najeriya ƙofar ta ƙara ƙunci, tun da asibitocin tsoffin sojoji, waɗanda ke cikin manyan masu ɗaukar ɗalibai, 'yan ƙasa kaɗai suke karɓa. Bayan duk wannan akwai jarrabawar lasisi ta EPPP, sannan kowace jiha da nata sharuɗɗan.

Da na koma da takardun, saurayin ya karɓa ya duba, ya ce gaskiya bai taɓa ganin irinsu ba. Na yaba masa da bai yi mini musu ba, sai dai mai sayar da shawara da bai san ma'aunin kayansa ba, ai tallar takardar gurbi kawai yake yi. Haka kuma lissafin da ya yi mana na shekara ɗaya ne, alhali karatun kan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Bai gaya mana cewa bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka ba a ba baƙo mai bizar ɗalibi ba, ko cewa makaranta ba ta fitar da takardar neman biza sai ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 bayan an saki naira a watan Yunin 2023 ya san haɗarin ɗaukar alkawarin shekara shida da kuɗin waje. Da muka taɓo Ingila ma amsarsa ba ta gamsar ba: can karatun shekara 3 ne, hukumar lafiya ta NHS ce ke biyan kuɗin yawancin gurabe har da albashi, amma ba don baƙi aka tanade su ba, 'yan guraben da ke buɗe wa baƙo kuwa daga aljihunsa zai biya.

Hukuncina a kan ofishin ya rabu biyu. Wanda ya riga ya san makarantar da yake so, yana neman mai bi masa takardu da kiyaye masa wa'adi, zai ci moriyar kuɗinsa. Wanda kuwa zai je hannu rabbana domin a zaɓa masa, musamman a fannin da sai da lasisi ake aiki, ban ba shi shawarar ya dogara da su ba.

Mu dai mun janye daga tsarin hidimarsu mai suna "nema har samu", muka biya kuɗin aikin takardu kaɗai. Yarinyar ta zaɓi shirye-shiryen PhD huɗu masu ɗaukar nauyin ɗalibi, ta rubuta wa malaman da bincikensu ya yi daidai da nata, ta tura takardunta kafin 1 ga Disamba, wanda shi ne wa'adin yawancinsu. A lokaci guda kuma tana shirin neman gurbi a Jami'ar Jos, domin asibitin koyarwa na nan Bauchi da na Gombe, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Maiduguri, su ne inda take son yin aiki tun farko, kuma babu ɗayansu da ke tambayar lasisin Amurka.