MediaWiki a Sabar ta Kanka: Girkawa da Sauƙi, Riƙo da Aiki

MediaWiki ita ce manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, kyauta ce, kuma duk mai sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, zai iya sauke ta ya kafa nasa kundin. Na girka ta ne domin wata ƙaramar ƙungiya da ke son tattara bayanan aikinta wuri guda, kuma bayan watanni ina ɗawainiya da ita, abin da na fahimta shi ne manhaja ce ingantacciya ƙwarai, amma tana buƙatar mai kula da ita kamar yadda gona ke buƙatar mai noma.

Girkawar ba ta da wuya idan an shirya sabar tun da farko. An rubuta manhajar da harshen kwamfuta na PHP, tana kuma ajiye shafukanta a rumbun bayanai irin su MariaDB, MySQL, PostgreSQL ko SQLite. Sigar 1.43 da ta fito a Disamban 2024 tana neman PHP 8.1 ko sama da haka, tare da wasu ƙarin sassa kamar mbstring, xml da intl. Da an buɗe adireshin kundin a burauza, shafin girkawa zai duba ko akwai abin da ya rage, ya tambayi sunan kundin da bayanan rumbun, sannan ya ba ka fayil ɗin LocalSettings.php ka sauke ka mayar da shi babbar foldar manhajar da hannunka. Wannan fayil shi ne zuciyar komai, domin kusan duk wani saiti a cikinsa ake rubuta shi.

A nan ne na fara cin karo da matsala, kuma laifin nawa ne. Na ƙara layi guda a fayil ɗin domin in ba da damar ɗora hotuna, na manta da waƙafi mai ruwa a ƙarshen layin, sai kundin gaba ɗaya ya koma farin shafi fat, babu ko harafi ɗaya da zai nuna inda gizo ke saƙar. Na yi kusan awa guda ina zargin rumbun bayanai, kafin na buɗe fayil ɗin da sabar ke rubuta kurakurai a ciki, na tarar da lambar layin a rubuce ɓaro-ɓaro. Tun daga ranar, can nake fara dubawa kafin in taɓa komai, kuma idan kuskuren daga cikin manhajar yake, nakan kunna $wgShowExceptionDetails na ɗan lokaci in karanta cikakken bayaninsa, in kashe da zarar na gama, don kada baƙo ya ga sirrin sabar. Hotunan ma ba su hau ba sai da na ba sabar izinin rubutu a foldar images, ƙananan kwafinsu kuwa suna dogara ne da manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick ko GD.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sabon kundi ke zuwa ƙofa a buɗe idan mai girkawa bai zaɓi akasin haka ba: kowa zai iya gyara shafi, kowa zai iya buɗe asusu. Wannan ya dace da Wikipedia mai dubban masu sa ido, amma ƙaramin kundi da ke intanet ba ya daɗewa kafin na'urorin watsa tallace-tallace su gano shi su cika shi da shafukan banza. Maganin yana nan tare da manhajar, wato saitin $wgGroupPermissions da ke hana marasa asusu yin gyara, da kuma ConfirmEdit mai jefa wa mai rajista tambaya, sai dai wajibi ne a yi wannan a ranar farko, kafin a sanar da kowa adireshin.

Ta fuskar amfani kuwa, yabo ya zama dole. Kowane gyara yana da tarihinsa, ana iya kwatanta siga biyu a ga abin da ya sauya, a kuma dawo da tsohuwa cikin daƙiƙa. VisualEditor, hanyar gyara shafi kai tsaye kamar yadda yake bayyana, wadda ake haɗowa da manhajar tun sigar 1.35 ta 2020, ta sauƙaƙa wa waɗanda ba su saba da alamomin rubutun wiki ba, ko da yake a kan sabar da ke amfani da manhajar Apache takan ƙi buɗe shafukan da ke da alamar / a sunansu sai an saita AllowEncodedSlashes.

Sabuntawa ita ce nauyin da ba ya sauka. Sabuwar siga tana fitowa kusan duk wata shida, mai dogon tallafi kuma duk shekara biyu, ana kula da ita shekara uku, kuma ita nake ba kowa shawarar ya bi. Kafin kowace sabuntawa a ɗauki kwafin rumbun bayanai da foldar hotuna da LocalSettings.php a ajiye don ko-ta-kwana, bayanta kuma a gudanar da update.php domin rumbun ya dace da sabuwar sigar.

Ƙungiyar da ke da shafuka masu yawa da marubuta da dama, kuma tana da mutum guda da zai riƙe sabar, ba za ta yi da-na-sanin zaɓen MediaWiki ba. Idan kuwa mutum biyar ne ke son wurin ajiye bayanan aiki, DokuWiki, wadda Andreas Gohr ya fara a 2004 kuma take adana shafuka a fayilolin rubutu ba tare da rumbun bayanai ba, za ta ishe su da ƙarancin ɗawainiya.