Akwatin wutar saba ko na ATX: wanne ya dace da katin hoto?

Mai haɗa kwamfuta a ƙauyukan Ringim ko Bichi, idan zai ciyar da katin hoto (sashen kwamfuta mai sarrafa hotuna) da wuta, zaɓi biyu ne a gabansa. Akwatin ATX, wato akwatin wuta na kwamfutar tebur ta yau da kullum, yana ba da bolt 12, 5 da 3.3, wayoyinsa a haɗe suke, sai dai tsada.

Tsohon akwatin wutar saba (server, babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) kuwa, irin na kamfanin HP mai wat 1200, ya fi araha, amma bolt 12 kaɗai yake fitarwa, don haka sai an saka masa allon rarraba wuta, uwar allon kwamfutar (babban allon da sauran sassa ke haɗuwa a kai) kuma ta ci gaba da dogara da ATX. A nan haɗarin yake: filogin kai wa katin wuta mai ƙafa 8 wat 150 aka ƙayyade masa, mai ƙafa 6 kuma wat 75, siririyar waya kuwa narkewa take yi idan aka ɗora mata fiye da ƙarfinta. Fankar akwatin saba ƙarama ce mai ƙara, ƙurar hunturu tana saurin toshe ta, kuma idan wutar janareto ta yi ƙasa sosai, ba ya ba da cikakken ƙarfinsa.

A ganina, mai kati ɗaya ya tsaya kan ATX. Mai kati uku ko huɗu ne akwatin saba zai yi wa rana.